Sandar fatsa mai araha don babbar tarwada

Jama'a masu zuwa fatsa bakin kogin Neja a Onica da Asaba, babbar tarwada ƙasa take ja, kamar bijimi mai gardama. Ƙwari za ku nema a sanda, ba ƙyalli ba.

Ni ta faiba nake saya. Ta fi ta kabon araha, ta lanƙwasa ba ta karye ba, nauyi ne kawai aibinta. Mai zuƙewa kamar eriyar rediyo kuwa, ku rabu da ita, a gaɓa take ɓallewa. Ku nemi mai tsawon ƙafa 7 zuwa 8, wadda aka rubuta kusa da mariƙi tana ɗaukar zaren fam 30, wajen kilo 14 ke nan.

Kafin ku biya, ku shafa cikin zobban da yatsa. In da kaifi, shi zai tsinka zaren, kifi ya tafi da ƙugiyarku.