Ire-iren Sulke Mara Nauyi a Wasan Dungeons & Dragons: Tsakanin Lissafin Wasa da Gaskiyar Tarihi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana ire-iren kayan kariyar da ake kira sulke mara nauyi a cikin wasan Dungeons & Dragons, tare da nuna cewa an rarraba su ne bisa bukatar wasa, ba bisa yadda suke a tarihi ba. Dalilin ɗauko wannan batu kuwa shi ne, wasannin kwamfuta da dama da ɗalibanmu ke yi sun gaji wannan tsari, har ɗalibi yakan ɗauka abin da ya gani a wasa shi ne ainihin yadda mayaƙan da suke shiryawa. Wajibi ne ga malami ya san inda wasa ya tsaya da inda tarihi ya soma.

2.0 Yadda Wasan Yake

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka ƙago wasan, aka fara buga shi a Amurka cikin 1974. Akan zauna ne a kewaye tebur, kowane ɗan wasa ya ɗauki matsayin gwarzo guda a wata duniya ta almara mai dodanni da matsafa, jagoran wasa kuma yana warware labarin. Kowane gwarzo yana da makin kariya. Idan aka kai masa sara, sai maharin ya jefa ƙwaya irin ta ludo mai fuska 20, ya haɗa abin da ya fito da makin gwanintarsa. In jimlar ta kai makin kariyar ko ta zarce shi, sara ya kama. In ba ta kai ba, ya goce. Ke nan ƙarin maki ɗaya yana rage yiwuwar kamun sara da kashi 5 cikin 100.

A bugun 1974 sulke iri uku ne kacal: na fata, da na zobban ƙarfe, da na farantan ƙarfe. Bugun 2014, wanda a kansa za mu dogara, ya kasa sulke gida uku, watau mara nauyi, da matsakaici, da mai nauyi.

3.0 Ire-iren Sulke Mara Nauyi

Na farko shi ne sulken tufa, wanda ake ɗinkawa ninki-ninki a cusa masa abin laushi a tsakani. Makinsa 11, nauyinsa laba 8, kuɗinsa zinariya 5. Aibinsa shi ne yana ɓata sanɗa: mai sanye da shi in zai laɓaɓa, sau biyu zai jefa ƙwaya, a ɗauki mafi ƙanƙanta.

Na biyu shi ne sulken fata, wanda aka ce ana tafasa fatar ƙirji da ta kafaɗunsa cikin mai don ta yi tauri. Shi ma makinsa 11, nauyinsa laba 10, kuɗinsa zinariya 10, amma ba ya hana sanɗa.

Na uku shi ne sulken fata mai ƙusoshi. Makinsa 12, nauyinsa laba 13, kuɗinsa zinariya 45.

Abin da ya haɗa waɗannan uku shi ne, mai sanye da su yana ƙara dukan makin zafin namansa a kan makin sulken. Mai matsakaicin sulke ba ya ƙara fiye da 2, mai sulke mai nauyi kuwa ba ya ƙara kome. Alal misali, gwarzon da zafin namansa ya kai maki 5, in ya sa fata mai ƙusoshi, kariyarsa 17 ce. Sulken farantai kuwa, mai laba 65 da tsadar zinariya 1,500, makinsa 18 ne. Bugu da ƙari, minti 1 ya isa a sa mara nauyi, amma mai nauyi sai an yi minti 10. A nan hikimar masu tsara wasan take: sun buɗe hanya biyu zuwa ga kariya, ta ƙarfi da dukiya, da ta zafin nama, don kada ɗan wasa guda ya danne sauran.

4.0 Inda Wasa Ya Saɓa wa Tarihi

Za mu duba abu biyu. Na ɗaya, masana makamai da dama na ganin cewa fata mai ƙusoshi rashin fahimta ce ta haife ta. A Turai, cikin ƙarni na 14 da na 15, akwai wata riga da ake jera wa ƙananan farantan ƙarfe daga ciki, a danne su da ƙusoshi, ta yadda mai kallon zanenta kawunan ƙusoshi kaɗai zai gani. Farantan ne ke tare sara. Ƙusa a jikin fata ita kaɗai ba ta tare mashi.

Na biyu, sulken tufa da wasan ya mayar mafi arha kuma mafi rauni, ba baƙo ba ne a wurinmu, domin ɗan'uwan lifidi ne. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. 'Yan lifida kuwa ba 'yan sanɗa ba ne. Su ne barade masu nauyin kaya, waɗanda ake lulluɓe su da dawakinsu don kibiya ta kasa ratsawa, kamar yadda har yau ake ganinsu a hawan salla. Raunin lifidi na haƙiƙa shi ne wuta, da zafi, da nauyin da ke hana wanda ya faɗo daga doki tashi da sauri. Ashe abin da wasa ya kira mara nauyi, a fagen fama na ƙasar Hausa kayan manyan barade ne.

5.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa sulke mara nauyi iri uku ne, kuma darajarsu tana rataye da zafin naman mai sanye da su. Wannan tsari ya dace da wasa, kuma ba laifi ba ne a more shi. Abin da muke ba da shawara shi ne, malamin tarihi ya ɗauki jadawalin wasan ya aza shi kusa da lifidin da ɗalibi ya gani da idonsa ranar hawa, ya tambaye shi me ya sa suka bambanta. Haka nan duk wanda zai tsara irin wannan wasa da Hausa, bai kamata ya kwafo jadawalin yadda yake ba, domin in ya yi haka zai ajiye lifidi a gidan da ba nasa ba.