Gwauron Dole da Amaryar Dole a Ƙauyukan Shuɗin Nilu

A ƙauyukan Hausawa da ke jere a bakin Shuɗin Nilu, tun daga Mai Wurno kusa da Sinnar har zuwa Abu Na'ama da ke kudu da Sinja a kan hanyar Damazin, ba a saba tambayar saurayi ko zai yi aure ba. Yaushe kawai ake tambayarsa. Uwa na miƙa wa ɗanta shayi tana cewa, "Kai ɗan nan, ƙannenka mata duk sun tafi ɗakinsu, ni sai yaushe za ka kawo mini mai taya ni hira?" Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, a dai ci gaba da addu'a." Daga nan maganar ta mutu har wata Sallah.

Masu rubutu a manyan birane suna son ɗaukar zaman gwauranci da zaman aure a matsayin hanyoyi biyu da mutum zai duba ya zaɓi wadda ta yi masa. A wannan yanki kuwa zaɓin ya yi ƙaranci ƙwarai. Akwai samarin da ke son aure an rufe musu ƙofa, akwai kuma 'yan matan da ba su shirya ba an tura su ciki. Abu ɗaya ne ya haifi matsalolin biyu.

Sai an koma tarihi kafin a gane dalilin da aure ya yi nauyi haka a idon mutanen nan. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas, suka sauka a bakin wannan kogi wajen 1906. Wasu kuma hanyar Makka ce ta kawo su da ƙafa, guzuri ya ƙare, suka tsaya neman na ƙarasawa. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buƙaci hannu, aka ƙara samun masu zama. Baƙon da ba shi da gona, ba shi da dangi a kusa, aure ne ya mai da shi ɗan gari. Malamin zango ya ɗaura masa aure da ɗan abin da ya samu, ya kafa bukka, ya yi shinge, shekara ta zagayo an yi suna. Haka unguwanni suka tashi. Shi ya sa har yau ake kallon wanda ba shi da iyali kamar mai wucewa, ko da a garin aka binne cibiyarsa. Can gida Kano ma abin wasa ne na kowace shekara, inda Nalako ke jagorantar tashen gwauro a watan azumi, ana bi unguwa-unguwa ana tsokanar marasa mata.

To amma auren da kakanni suka ɗaura da abu kaɗan ba shi ake yi yau ba. Bahaushen Sudan ya riƙe al'adarsa ta lefe da gara da kayan ɗaki, ya kuma ɗora ta maƙwabtansa Larabawa a kai, bai sauke ko ɗaya ba. Duba ranar kai shaila, wato kayan da ango ke kai wa gidan amarya. A shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a buɗe akwatuna gaban gwaggwanni da mata maƙwabta. Ga tufafin lulluɓi na tob, kowanne da takalminsa da jakarsa, ga kwalaben turare da itacen sandal, ga buhun sukari da na fulawa da garwar mai da gawayi a gefe. Wata dattijuwa na ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa da ƙarfi, ana guɗa, kuma kowace mace a wurin tana riƙe da lissafin abin da aka kawo wa 'yar gidan wane bara. Kafin magariba labarin ya zaga gari. Bayan wannan akwai kuɗin da ango zai bayar na hidimar biki, da daren lalle, da walima. Gidan amarya ma ba su tsira ba, don su za su haɗa gado da kwanuka, su kuma kai wa dangin ango abincin da ake kira faɗurul aris, wanda ya zama gasa tsakanin iyaye mata. Sadakin da shari'a ta wajabta shi ne mafi ƙanƙanta a duk lissafin.

Da a ce samu na tafiya daidai da buƙata, da ba a ji nauyin ba. Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, kuɗin ƙasar ke zubewa. A Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar fam daga 55 zuwa kusan 375 a kan dala ɗaya, kuma hauhawar farashi a shekarar ta haura kashi 300 cikin ɗari. Saurayin da ya tara kuɗin riɗinsa ko na kamun kifi shekara biyu sai ya tarar ba su sayi rabin abin da ya yi niyya ba. Sannan ga rikicin ƙabilanci na jihar Shuɗin Nilu a Yuli da Oktoban 2022, wanda ya ci ɗaruruwan rayuka, ya kori dubban Hausawa daga yankunan Rusairis da Wad al-Mahi. Ga yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin soja da dakarun RSF. Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disambar shekarar, Sinja ta bi a ƙarshen Yunin 2024, soja ba su dawo da ita ba sai Nuwamba. Wanda aka kwashe masa hatsi da babur da 'yan awaki, da me zai je gaisuwar surukai? Da yawa sun nufi ramukan zinariya na arewa, wasu Libiya, wasu Masar ko Saudiyya, da alkawarin shekara ɗaya su dawo. Shekara ɗayan nan takan zama biyar.

Ga inda abin ya fi ciwo. Talaucin da ya hana saurayi aure shi ne yake gaggauta na yarinya. Uban da ke gudun hijira da 'ya'ya mata a ajin makaranta ko a gidan ɗan'uwa yana tsoron yunwa, yana tsoron abin kunya, yana tsoron 'yan bindiga. Idan mai hali ya fito, ko da sa'an uban ne, ko da ta biyu ko ta uku zai yi da ita, sai a ga an samu mafita. Doka ma ba ta tsaya wa yarinyar ba, domin dokar iyali ta Musulmi ta 1991 ta bar ƙofar aurar da 'yar shekara 10 idan alƙali ya amince. Tun kafin yaƙi, binciken da gwamnati ta yi da UNICEF a 2014 ya nuna kusan kashi 34 cikin ɗari na matan Sudan masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18. Saurayin da suka yi alkawari da yarinyar yana can cikin rami yana haƙa, sai dai ya ji labari a waya.

Masu tsokanar gwauro sukan fake da addini, amma littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun fi su sassauci. Malamai sun ce hukuncin aure yana bin halin mutum. Wajibi ne ga mai iko da ke tsoron faɗa wa zina, mustahabbi ne ga mafi yawan mutane, yakan kuma zama makaruhi, har ma haramun, ga wanda ya san zai cuci matar ko ba zai iya ciyar da ita ta halal ba. Wanda ba shi da hali, azumi aka umarce shi da shi, ba cin bashi ba. Imamu Nawawi da Ibn Taimiyya sun rasu ba su yi aure ba, kuma ba mu daina karanta su ba. Ta ɓangaren mace kuwa, ko da mazhaba ta ba uba ikon zaɓa wa budurwa miji, ba ta ba shi ikon cutar da ita ba, kuma Annabi (SAW) ya warware auren Khansa'u bint Khizam da mahaifinta ya ɗaura ba da sonta ba.

Akwai kuma 'yan ƙalilan da da gaske suka zaɓa, kuma su ne baki ya fi ci. Ɗaliba a tsangayar aikin gona ta Jami'ar Sinnar da ke nan Abu Na'ama ta ce sai ta gama karatu, sai a fara raɗa cewa ta yi kwantai. Alhali a bakin wannan kogin ne, a Rufa'a, Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata tun 1907. Ko matar da yaƙi ya cinye mijinta, ta kafa murhu da 'yan kujeru a bakin tasha tana sayar da shayi da gahawa, tana ciyar da marayu huɗu da guminta. Zawarawa na zuwa tana ba su haƙuri, don ta san gidan da za ta shiga ba lalle ya karɓi 'ya'yan wani ba. Wannan lissafi ne na mai hankali, ba taurin kai ba.

Ba ina cewa zaman kaɗaici daɗi gare shi ba. A ƙauyen da babu fansho, babu inshorar lafiya, 'ya'ya da surukai su ne madogarar tsufa, kuma dattijon da ya kwanta ciwo ba mai ɗebo masa ruwa ya san abin da ya rasa. Yawancin gwaurayen nan da za a sauƙaƙa musu, gobe za su yi aure.

Sauƙaƙawar kuma ba sabon abu ba ce a ƙasar nan. Mahadi, kafin rasuwarsa a 1885, ya ƙayyade sadakin budurwa riyal 10, na bazawara riyal 5, ya hana almubazzarancin biki. Ƙauyukan Sudan sun daɗe da sanin auren kora, inda ake haɗa angwaye da yawa rana ɗaya a ci walima ɗaya. A Kano, Hukumar Hisba ta fara auren zawarawa a 2012 da ma'aurata 100, a Oktoban 2023 kuma gwamnatin jihar ta ɗaura na mutum 1,800 da amarensu, bayan an yi musu gwajin lafiya. Irin wannan yana rage kuɗin rana ɗaya, amma ba ya ba ango sana'a, kuma gwamnatin Sudan da ke cikin yaƙi ba za ta saya wa kowa gado ba. Abin da ke hannun jama'a shi ne abin da jama'a suka ɗora wa kansu.

Don haka kira ga limamai da masu unguwanni da kwamitocin masallatai daga Mai Wurno zuwa Abu Na'ama: ku zauna ku yanke iyakar shaila da lefe, ku rubuta, a karanta ranar Juma'a, ku kuma fara aiki da ita a kan 'ya'yanku. Ku kira iyaye mata zaman, don su ke ƙirga akwati. Kada liman ya ɗaura aure sai an aika mace amintacciya ta ji ta bakin yarinyar ita kaɗai. Wanda kuma ya ce bai shirya ba, namiji ne ko mace, a ƙyale shi.