Manhajar Lissafin Abinci: Wa Take Amfana, Kuma Ina Iyakarta?

A garuruwanmu na kan iyaka, daga Katsina zuwa Maraɗi, daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, manhajojin lissafin abinci irin su MyFitnessPal da Cronometer da FatSecret sun fara shiga wayoyin jama'a. Matasa masu ɗaga ƙarfe don gina ƙwanji suna sauke su, haka ma masu neman rage ƙiba da waɗanda aka gargaɗa a kan ciwon sukari ko hawan jini. Shin suna da amfani? Suna da shi, amma daidai da amfanin littafin lissafin ɗan kasuwa: abin da aka rubuta a ciki shi yake tarawa, ko daidai ne ko kuskure.

Yadda manhajar ke aiki

Mutum zai shigar da shekarunsa da tsawonsa da nauyinsa da yawan motsin da yake yi, sai manhajar ta ƙiyasta kalorin da jikinsa ke bukata a rana. Kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke bai wa jiki. Giram ɗaya na sitaci ko sukari yana ba da kalori 4, na furotin, wato sinadarin gina jiki, shi ma 4, na mai kuwa 9. Saboda haka babban cokali ɗaya na man gyada ko manja yana ɗauke da kalori kusan 120. Daga nan sai mutum ya riƙa rubuta duk abin da ya ci, manhajar tana tarawa.

Inda take tuntuɓe a wajenmu

An gina yawancin waɗannan manhajoji ne a kan abincin Amurka da Turai, inda kayan ci da yawa ke zuwa cikin kwali ko gwangwani da ƙididdigarsu a jiki. Tuwon dawa da miyar kuka da dambu da ɗanwake ba sa zuwa da takarda. Idan an same su a cikin manhajar, sau da yawa wani mai amfani da ita ne ya shigar da su bisa ƙiyasinsa. Furar wannan gida ma ba ta zama ɗaya da ta maƙwabta, domin nono da sukarin da aka zuba sun bambanta.

Akwai kuma batun awo. Manhajar tana tambayar giram, mu kuwa da ludayi da gwangwani da mudu muke awo, kuma a gidaje da yawa kwano ɗaya ake sa wa hannu. Wa zai iya faɗin yawan man da ya shiga lomarsa daga tukunyar mutum goma? Domin haka lambar da wayar ta nuna ƙiyasi ce. Mai son ƙididdiga mai inganci ta gero da wake da kuka ya tambayi jami'in kula da abinci mai gina jiki. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma na 2019 domin irin wannan aiki.

Ga mai gina ƙwanji

Shi ne ya fi cin moriyarta, domin yana bin adadi takamaimai kuma abincinsa kan maimaitu. Baligi mai ƙoshin lafiya yana bukatar furotin kimanin giram 0.8 ga kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai atisayen ƙarfe kuwa ana ba shi shawarar giram 1.6 zuwa 2.2. Wato mai nauyin kilo 70 zai nemi giram 112 zuwa 154, maimakon 56. Ƙwai ɗaya bai wuce giram 6 zuwa 7 ba, don haka sai an haɗa da wake da awara da kindirmo da kifi da nama. A nan manhajar kan buɗe ido. Gyada, alal misali, tana da furotin kusan giram 25 a cikin giram 100, amma kalorinta ya haura 550. Wanda ya dogara da ita kaɗai zai iya tara kitse yana zaton ƙwanji ne.

Idan an sami ƙaramin sikelin auna abinci, lissafin zai fi inganci. Sai dai manhajar ba ta san lafiyar ƙodar mutum ba. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin ba da izinin likita ba. Kuma a guji allurai da ƙwayoyin ƙara ƙwanji da ake sayarwa a ɓoye, domin suna lahanta hanta da zuciya.

Ga sauran jama'a

Magidanci ko uwargida ba sa bukatar ƙirga kowace loma har abada. Mako biyu zuwa huɗu na rubutu da gaskiya sun isa a gane inda ɓarnar take, kuma galibi a wuri uku ne: sukari da mai da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da baligi ke ci a rana ya kai giram 5, kusan cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen ɗanɗano na cikin wannan lissafi. Sukari kada ya wuce kimanin giram 50, wato cokalin shayi 12, alhali kwalbar lemo ɗaya tana iya cinye fiye da rabin wannan. Sai a ƙara da sukarin shayin majalisa, na fari da na biyu da na uku. Hukumar ta kuma ba da shawarar cin ganyaye da 'ya'yan itatuwa aƙalla giram 400 a rana.

Wanda ba shi da babbar waya bai rasa komai ba. Ya rubuta abin da ya ci a takarda, a auna man miya da cokali maimakon a tuttula, kuma ya auna ƙugunsa da igiya a daidai cibiya: kada zagayen ya kai rabin tsawonsa.

Waɗanda za su yi hattara

Masu juna biyu da masu shayarwa da yara da 'yan ƙasa da shekara 18 kada su rage abinci bisa umarnin waya. Mai shan maganin ciwon sukari ko mai yin allurar insulin, idan ya rage ci bai sanar da ma'aikacin lafiya ba, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma, musamman a lokacin azumi. Duk wanda kuma ya ga lissafin ya hana shi sukuni, yana tsoron abinci ko yana gudun cin abinci tare da iyalinsa, ya goge manhajar ya nemi taimako.

Kafin ka sauya abincinka saboda wata lamba da ka gani a waya, ka je cibiyar lafiya mafi kusa, ko a wannan gefen iyaka ko a wancan, a auna jininka da sukarinka da nauyinka. Ka tafi da abin da ka rubuta, domin zai taimaki ma'aikacin lafiya ya ba ka shawarar da ta dace da tukunyar gidanka.