Yadda Ake Gina Allon Gudanarwa Na Manhajar Intanet

Kowace manhaja da ke aiki a intanet tana da zaure, tana kuma da cikin gida. Zauren shi ne shafukan da kowa ke gani. Cikin gidan kuwa shi ne allon gudanarwa, watau inda ma'aikata ke shigar da bayani, su gyara kuskure, su share abin da ya tsufa, ba tare da sun taɓa rubutun manhajar ba.

Wani sanannen allo irin wannan daga gidan jarida ya fito. A shekarar 2003, Adrian Holovaty da Simon Willison, masu rubuta manhaja a jaridar Lawrence Journal-World ta Jihar Kansas a Amurka, suka soma haɗa wani tsari da harshen kwamfuta na Python. Aka raɗa masa suna Django, aka kuma sake shi kyauta ga duniya a 2005. An shirya allonsa ne domin ma'aikatan jarida su riƙa zuba labarai da kansu.

Ginin ba shi da wuya. Da fari mai gini zai bayyana irin bayanan da za a adana a rumbu. Alal misali, labari yana da kanu, da marubuci, da ranar bugawa. Sa'an nan ya yi rajistar kowane iri a allon. Daga nan Django zai fitar da jerin labaran da shafin shigar da sabo, mai gini ya ƙara akwatin nema da hanyar tacewa ta kwanan wata. A ƙarshe a buɗe asusun babban mai kula, a ba shi kalmar sirri mai wuyar canka.

To, amma ainihin aikin yana wajen rabon iko. Django ya kasa izini gida 4 a kan kowane irin bayani: dubawa, ƙarawa, gyarawa da sharewa. Wakili ya isa a ba shi ikon ƙara labari, a bar wa edita sharewa. In aka ba kowa ikon komai, yatsa ɗaya na iya hallaka aikin shekara guda.

Haka kuma allon yana rubuta sunan duk wanda ya yi canji ta cikinsa, da lokacin da ya yi. Wannan shaida ba ta da amfani idan mutum biyar suna shiga da asusu ɗaya. Saboda haka lalle kowane ma'aikaci ya sami nasa. Ranar da ya bar aiki a rufe asusun, kada a share shi, domin tarihin ayyukansa ya zauna.

Shawararmu ga mai shirin gini ita ce, kafin ya zana allo ko ɗaya, ya zauna da ma'aikatan, a rubuta a takarda wanda zai taɓa me. Ai rigakafi ya fi magani.