Daga Filin Wasa Zuwa Gaban Allo: Burin Ɗalibi Ɗan Wasa a Amurka

A yawancin ƙasashen duniya, yaron da Allah ya hore wa baiwar wasa kulob yake nema. A Turai ƙungiyoyi irin su Barcelona da Ajax suna da makarantunsu na horar da yara, su ɗauki yaro tun yana ɗan mitsitsi su raine shi har ya goge. A Amurka kuwa makaranta ce gidan wasa. Yaro zai fara buga wa sakandarensa, in ya yi fice jami'a ta ɗauke shi, daga jami'a manyan ƙungiyoyi su zo su zaɓi wanda ya yi musu. Shi ya sa miliyoyin matasa ke shiga fili kowace shekara da fatan wasan da suke so ya biya musu kuɗin karatu.

A cikin waɗannan matasa akwai wasu da ba a cika jin ɗuriyarsu ba. In ka tambaye su me suke son zama bayan jami'a, sai su ce malamin makaranta. Wani zai ji amsar ya taɓe baki, ya ce ƙaramin buri ne. Amma duk wanda ya san yadda tsarin yake tafiya zai yarda cewa irin wannan yaro ya fi takwarorinsa lissafi.

Yadda wasa ya zauna a jami'a

Tun ƙarni na 19 ɗaliban jami'o'in Amurka ke fafatawa da juna a wasanni, musamman zari-ruga irin tasu. Wasan ya yi muni har a shekarar 1905 kaɗai 'yan wasa aƙalla 18 suka rasa rayukansu. Shugaban ƙasa na lokacin, Theodore Roosevelt, ya kira wakilan manyan jami'o'i ya ce a gyara. Daga wannan yunƙuri aka kafa ƙungiya a 1906, wadda a 1910 ta koma suna NCAA, wato hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i. Yau tana da makarantu kimanin 1,100 da ɗalibai 'yan wasa sama da 500,000.

Tun 1973 aka kasa makarantun rukuni uku. Rukuni na ɗaya shi ne na manyan jami'o'i masu filayen da ke cin dubban 'yan kallo. Rukuni na biyu matsakaita ne. Rukuni na uku kuwa ba ya ba kowa tallafin karatu saboda wasa, haka ma jami'o'i irin su Harvard da Yale duk da suna rukuni na ɗaya. Wani muhimmin sauyi ya zo a 1972 da dokar da ake kira Title IX, wadda ta haramta nuna wa mata bambanci a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Kafin dokar, 'yan matan da ke wasa a sakandare ba su kai 300,000 ba. Yanzu sun haura miliyan 3, kuma ƙofar jami'a ta wasa ta buɗe musu kamar yadda ta buɗe wa maza.

Ƙofar da kowa ke rububi

Dalilin rububin kuɗi ne. Kuɗin makaranta kaɗai a jami'ar gwamnatin jiha yakan kai dala 11,000 a shekara ga ɗan jihar, a jami'a mai zaman kanta kuma ya haura dala 40,000, ban da ɗaki da abinci da littattafai. Iyalai da yawa bashi suke ci, wasu su shafe shekaru suna biya. Ga ɗan talaka mai gudu ko tsalle ko iya jefa ƙwallo a kwando, tallafin wasa na iya zama hanya ɗaya tilo ta samun digiri ba tare da ya ɗaura wa kansa bashi ba.

Sai dai ƙofar ƙarama ce. Masu wasa a sakandaren Amurka sun kai kimanin miliyan 8, amma hukumar NCAA da kanta ta ce kashi 2 cikin 100 ne kawai ke samun tallafin karatu na wasa. Ko su ɗin ma, galibinsu wani yanki na kuɗin ake biya musu, kuma a wurare da yawa shekara-shekara ake sabunta yarjejeniyar. Daga cikin waɗanda suka kai jami'a, ƙasa da kashi 2 cikin 100 ne ke zama ƙwararrun 'yan wasa masu cin abinci da wasan. Gasar ƙwallon kwando ta NBA mutum 60 take zaɓa a shekara daga duk faɗin duniya. Gasar zari-ruga ta NFL takan zaɓi ɗan sama da 250, kuma matsakaicin zaman ɗan wasa a cikinta bai wuce shekara 3 da 'yan watanni ba. Ke nan ko wanda ya taki sa'a, sau da yawa kafin ya cika shekara 30 ya rataye takalmi, ga sauran rayuwa a gabansa.

Tun daga 2021 an ba ɗalibai damar karɓar kuɗin talla da sunansu da hotonsu, a 2025 kuma kotu ta amince manyan jami'o'i su riƙa biyan 'yan wasansu kai tsaye. Amma kaso mai tsoka na wannan kuɗi yana tafiya ne ga 'yan zari-ruga da 'yan kwando na manyan makarantu. Mai tseren mita 800 ko 'yar ƙwallon raga a ƙaramar kwaleji, abin da za ta fita da shi a hannu shi ne takardar digirinta.

Ƙafa kaɗai ba ta kai mutum jami'a

Yaro bai isa ya ce shi gwani ne a fili don haka littafi ya huta ba. Mai son shiga rukuni na ɗaya sai ya kammala darussa 16 da aka ƙayyade a sakandare, da suka haɗa da Turanci da lissafi da kimiyya, da matsakaicin maki aƙalla 2.3 a ma'aunin 4. Bayan ya shiga jami'a ma ba a sake masa ba. Dole ya zama cikakken ɗalibi, ya gama kashi 40 cikin 100 na digirinsa kafin ya shiga shekara ta uku, kashi 60 kafin ta huɗu, kashi 80 kafin ta biyar. In ya gaza, sai ya koma benci.

A takarda, doka ta hana koci riƙe ɗalibi fiye da awa 20 a mako lokacin kakar wasa. A zahiri, in aka haɗa da tafiye-tafiye da jinyar rauni da atisayen da ake cewa na ganin dama ne, binciken da hukumar ta yi wa ɗalibanta ya nuna 'yan rukuni na ɗaya kan haura awa 30, 'yan zari-ruga na manyan jami'o'i har 40. Wannan aikin cikakken ma'aikaci ne, ga kuma aji na jiransa.

Nan ne mai burin malanta ke haɗuwa da tasa matsalar ta daban. Kowace jiha a Amurka ita ke ba da lasisin koyarwa a makarantunta, kuma hanyar da aka saba ita ce digiri na farko, da jarrabawar cancanta, wadda a jihohi da yawa ake kira Praxis, da kuma aikin gwajin koyarwa. Wannan gwaji yakan ci zangon karatu guda cur, ɗalibi yana makarantar firamare ko sakandare daga safe har a tashi, ƙarƙashin idon gogaggen malami. Ba za ka ce wa yara 25 su jira ka kwana uku ka tafi wasa wata jiha ba. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, amma masu dabara sun samo hanya: wasu su tura gwajin zuwa zangon da babu gasa, wasu su jira sai sun gama shekarun wasansu, wasu su yi digiri a fannin da za su koyar sannan su ƙara shekara guda don neman lasisi. Abin da ke kayar da ɗalibi shi ne ya bari a lallaɓa shi ya zaɓi fannin da ya dace da jadawalin koci, ba wanda zai ci abinci da shi ba.

Inda aka ci amanar ɗalibi

Wannan haɗari ba zato ba ne. A 1989 Dexter Manley, shahararren ɗan zari-ruga da ya ci kofin Super Bowl sau biyu da ƙungiyar Washington, ya bayyana gaban wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya faɗa da bakinsa cewa ya yi shekara huɗu a jami'a alhali bai iya karatu yadda ya kamata ba. Ana ta tura shi gaba ne saboda amfaninsa a fili. A 2014 kuma wani bincike a Jami'ar North Carolina ya gano cewa daga 1993 zuwa 2011 ɗalibai kimanin 3,100, kusan rabinsu 'yan wasa, sun yi rajistar darussan da ba a shiga aji, maki kawai ake rabawa. Wanda ke shirin tsayawa gaban allo ba zai iya bin wannan ɓarauniyar hanya ba, domin ranar da ya shiga aji yara ne za su fara tona asirinsa. Burin malanta da kansa yana tilasta wa ɗan wasa ya yi karatun gaske.

Malami da safe, koci da yamma

Dangantakar aji da fili a Amurka daɗaɗɗiya ce. Ƙwallon kwando ma malami ne ya ƙirƙiro ta: James Naismith, a watan Disamba na 1891 a garin Springfield, yana neman wasan da ɗalibansa za su yi a cikin ɗaki lokacin hunturu. John Wooden, wanda ya ci wa jami'ar UCLA kofin ƙasa sau 10 tsakanin 1964 da 1975, ya yi wasa a Jami'ar Purdue, ya karanta Turanci, ya kuma yi kimanin shekara 11 yana koyarwa da horar da yara a sakandare kafin duniya ta san shi. Tim Walz, gwamnan Minnesota da ya tsaya takarar mataimakin shugaban ƙasa a 2024, a da malamin labarin ƙasa ne a sakandaren Mankato, yana kuma cikin masu horar da ƙungiyar makarantar da ta ci kofin jiha a 1999. John Urschel ya buga wa Jami'ar Penn State yana karanta lissafi, ya yi kaka uku a ƙungiyar Baltimore Ravens ta NFL, ya ajiye wasa a 2017 yana da shekara 26, ya yi digirin digirgir a jami'ar MIT, ya zama malamin lissafi a can.

Har yau a makarantu da yawa kocin sakandare malami ne da ake ƙara wa ɗan alawus. Wanda ya taɓa tashi da asuba don atisaye, ya sha kaye a gaban jama'a ya dawo washegari, ya san yadda ake maimaita abu sau ɗari har ya zauna, ya riga ya mallaki rabin kayan aikin malami. Kuma yaran da suka fi wuyar sha'ani a aji sukan saurari wanda ya taɓa sa riga irin wadda suke mafarkin sawa.

Buƙatar irin waɗannan malamai ta fi tsanani a unguwannin baƙar fata. Baƙaƙen fata sun cika filayen kwando da zari-ruga na jami'o'i, amma mazansu ba su wuce kashi 2 cikin 100 na malaman makarantun gwamnati ba. Don cike wannan giɓi Jami'ar Clemson ta fara shirin Call Me MISTER a shekarar 2000, tana ɗaukar matasa maza tana horar da su aikin koyarwa.

Ba a ce malanta hanyar arziki ba ce. Sabon malami a Amurka yakan fara da ɗan sama da dala 40,000 a shekara, matsakaicin albashi kuma yana kusa da dala 70,000, ƙasa da abin da sauran masu digiri ke samu. Amma akwai sauƙi daga gwamnatin tarayya. Tallafin TEACH yana ba ɗalibi har dala 4,000 a shekara, da sharaɗin zai koyar shekara 4 a makarantar 'ya'yan marasa ƙarfi a fannin da ake ƙarancin malamai, in ya saɓa kuɗin ya koma bashi. Wanda kuma ya koyar shekara 5 a jere a irin waɗannan makarantu ana iya yafe masa bashin karatu har dala 17,500.

Abin da ya shafe mu

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga 'yan Najeriya. Hakeem Olajuwon ya bar Legas a 1980 zuwa Jami'ar Houston, a 1984 ya zama zaɓi na farko a NBA. Tobi Amusan ta bi ta Jami'ar Texas da ke El Paso kafin ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 a 2022, da daƙiƙa 12.12. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a can ya koyi ƙwallon kwando, ya tafi wata ƙaramar kwaleji a jihar North Dakota. Bai taɓa buga wasa a NBA ba, amma shi ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA na 2019, kuma ta gidauniyarsa ta Giants of Africa yana horar da matasa a ƙasashen nahiyar nan. Duk su ukun ta ƙofar makaranta suka shiga. Yaron da ya watsar da littafi tun aji uku na sakandare don ya zama Ahmed Musa na gaba, ko kocin wata jami'a ya gan shi ya yaba, babu takardar da zai miƙa.

Don haka iyaye, kada ku hana yaro wasa in yana da baiwa, amma ku sa takardar sakamakonsa ta zama sharaɗin fita fili. Masu horarwa a unguwanni, ku riƙa tambayar yaranku jarrabawa kamar yadda kuke tambayar su atisaye. Ku kuma matasa, ku yi hattara da duk wanda ya ce ku biya shi kuɗi ya sayo muku gurbin wasa a jami'ar waje, domin da ƙwazo da maki ake samun gurbin. Wanda bai samu tafiya ba, kwalejojin ilimi da jami'o'inmu, ciki har da Jami'ar Ahmadu Bello, suna koyar da ilimin motsa jiki da lafiya, kuma makarantunmu na buƙatar malamai. In ɗanka ɗan wasa ya ce maka malami yake son zama, ka sa masa albarka ka taimaka masa ya kai ga burinsa.