Igama Kafin Magani: Inshorar Lafiya da Asibitocin Kuɗi a Rayuwar Hausawa Mazauna Misfala, Makka

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda tsarin inshorar lafiya na ƙasar Saudiyya yake aiki, da yadda yake shafar Hausawa mazauna unguwar Misfala ta birnin Makka idan rashin lafiya ya kai su asibitin kuɗi. An dogara ne da tanade-tanaden dokokin ƙasar da sanarwar hukumominta daga 1999 zuwa 2024. Maƙalar ta nuna cewa inshora a rataye take da igama, ita kuma igama a rataye take da kafili, ta yadda matsayin takardar mutum ne yake yanke irin kulawar da zai samu, fiye da tsananin ciwonsa ko daɗewarsa a unguwar. An kasa mazauna unguwar gida huɗu, an duba ƙofar da kowane rukuni yake bi zuwa wurin likita, sannan aka kawo shawarwari.

Fitilun Kalmomi: Misfala, igama, inshora, kafili, asibitin kuɗi

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa lafiya uwar jiki, kuma babu inda mutum ya fi gane nauyin wannan magana kamar a ƙasar baƙunci. Ƙidayar jama'a ta 2022 ta nuna cewa Saudiyya na da mutum miliyan 32.2, waɗanda miliyan 13.4 daga cikinsu baƙi ne, wato sama da kashi 41 cikin ɗari. Sashe na 31 na kundin tsarin mulkin ƙasar na 1992 ya ɗora wa gwamnati alhakin kula da lafiyar kowane ɗan ƙasa. Baƙi ma'aikatan kamfanoni kuwa, doka ta karkata su zuwa asibitocin kuɗi ta hanyar inshora ta tilas. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace wannan tsari, tare da nuna inda yake rufe asiri da inda yake barin mutum a fili, ta yin la'akari da unguwa guda da Hausawa suka daɗe da sani.

2.0 Misfala da Hausawan Cikinta

Misfala tana kudu da Masallacin Harami, a gangaren da ruwan kwarin Makka yake bi. Daga nan ta samo sunanta, domin ita ce ɓangaren ƙasa na birnin, kishiyar Ma'ala da ke sama. Babban titinta shi ne titin Ibrahim Halil, wanda manyan otal-otal da gidajen alhazai suka cika bakinsa, lunguna kuma suna bayansu.

Zaman Hausawa a Hijaz ya daɗe. Mahajjatan da suka bi hanyar ƙasa ta Cadi da Sudan sukan shafe shekaru a tafe, kuma da yawa ba su koma ba. Hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ta ƙara yawan masu nufar gabas. Wasu suka tsaya a Mai Wurno ta Sudan, wasu suka ƙarasa Makka da Madina. Larabawa sun daɗe suna kiran mutanen Afirka ta Yamma Takarir, kuma daga nan Hausawa suka samo kalmar takari, wadda ake kiran mazaunin Saudiyya da ita, wani lokaci da sigar raini. A yau ana samun Hausawa a Misfala da Jarwal da Shari'u Mansur da Hindawiyya da Hosh Bakar, masu saye da sayarwa, da masu ɗinki, da direbobi, da masu hidimar alhazai, da mata masu aikin gida wanda ake kira shagala.

3.0 Tsarin Inshorar Lafiya

3.1 Asalinsa

Kafin doka ta zo, sai da malamai suka share fage. A 1397 Hijiriyya (1977) Majalisar Manyan Malaman Saudiyya ta halatta inshorar taimakekeniya, inda jama'a suke tara kuɗi domin tallafa wa wanda masifa ta faɗa wa. A 1398 (1978) majalisar fikihu ta ƙungiyar Rabiɗa, a zamanta na Makka, ta tabbatar da wannan matsayi, ta kuma haramta inshorar kasuwanci saboda garari da caca da ke cikinta. Wannan ne ya sa dokar da Sarki Fahad ya sanya wa hannu a watan Agusta na 1999 ta ɗauki sunan dokar inshorar lafiya ta taimakekeniya, kuma ta kafa majalisar da ke sa ido a kan aiwatar da ita. An soma tilasta ta a kan manyan kamfanoni a 2006, aka riƙa saukowa daki-daki har ta game ƙananan wuraren aiki. A 2023 an kafa hukumar inshora mai zaman kanta domin kula da kamfanonin da ke wannan sana'a, waɗanda manyansu a fannin lafiya su ne Bupa Arabia da Tawuniya.

Abin lura a nan shi ne, a wannan shekara ta 1999 ce Nijeriya ma ta kafa dokar shirinta na inshorar lafiya na ƙasa, amma sai a 2022 ta mayar da ita wajibi. Saboda haka yawancin masu zuwa daga Kano ko Sakkwato ko Maraɗi sun saba ne da biyan kuɗin asibiti daga aljihu, ko da gudummawar dangi, kuma a Saudiyya suke fara riƙe katin inshora.

3.2 Yadda Yake Aiki

Ginshiƙin tsarin shi ne mai ɗaukar aiki, wato kafili. Shi doka ta ɗora wa biyan kuɗin inshorar ma'aikaci da na iyalinsa da ke zaune tare da shi bisa ƙa'ida. An kuma haɗa rajistar inshora da na'urorin hukumar shige da fice ta Jawazat, ta yadda ba a ba da igama, ba a kuma sabunta ta, sai da inshora mai rai.

Yarjejeniyar bai-ɗaya da majalisar ta tsara ta ƙunshi ganin likita, da gwaje-gwaje, da magani, da kwanciya a asibiti, da tiyata, da awon ciki da haihuwa, da wankin ƙoda, har da kuɗin mayar da gawa ƙasarta, ko da yake Bahaushen da ya rasu a Makka, burin danginsa a sallace shi a Harami a binne shi a can. A 2014 an ɗaga iyakar abin da inshora za ta biya wa mutum ɗaya a shekara daga riyal 250,000 zuwa 500,000, sannan aka sake faɗaɗa abubuwan da take ɗauka a watan Oktoba na 2022. Wanda ya je ganin likita ba tare da kwanciya ba yakan biya wani kaso na kuɗin, kuma an sa wa kason iyaka.

Abubuwa biyu ne suka fi ba sabon zuwa mamaki. Na farko, katunan hawa-hawa ne, tun daga na manyan ma'aikata har zuwa na leburori, kuma kowane hawa yana da jerin asibitocin da yake shiga. Mai ƙaramin kati yana iya tsayawa a ƙofar babban asibiti a ce masa katinsa ba ya aiki a nan, ya nufi ƙaramin wurin shan magani da ake kira mustausaf. Na biyu, ayyuka masu tsada irin su hoton ƙwaƙwalwa ko tiyata suna bukatar amincewar kamfanin inshora, wadda ake kira muwafaƙa. Ƙa'ida ta ba kamfani minti 60 ya ba da amsa, amma idan ya ƙi, sai likita ya sake tura hujja, ko majinyaci ya kai ƙorafi. Larurar gaggawa ba ta jiran wannan amincewa, kuma dokar cibiyoyin lafiya masu zaman kansu ta wajabta wa asibitin kuɗi ya ceto ran wanda aka kawo cikin haɗari kafin a yi maganar kuɗi.

4.0 Rukunoni Huɗu, Ƙofofi Huɗu

Rukuni na farko su ne 'yan ƙasa masu asalin Afirka ta Yamma, waɗanda ake gane su da laƙabin Hausawi ko Fallata ko Barnawi. Waɗannan suna da haƙƙin magani kyauta a asibitocin gwamnati, kamar Asibitin Nur da Asibitin Sarki Abdul'aziz da ke Zahir da Asibitin Hira. Wanda yake aiki a kamfani a cikinsu yana da inshora ƙari a kan haka.

Rukuni na biyu su ne masu igama. Wanda yake aiki a kamfani tsayayye yakan samu kulawa mai kyau cikin sauri, irin wadda da wuya albashinsa ya saya masa ita a gida. Matsalar tana wurin wanda ya sayi biza a hannun kafilin da ba shi da aikin da zai ba shi, ya shiga gari yana neman na kansa. Irin wannan mutum shi yake biyan kuɗin igama da na inshora, don haka yakan nemi mafi araha, wadda amfaninta bai wuce ta buɗe masa hanyar sabunta takarda ba. Domin toshe wannan kafa ne aka soma tilasta wa kowane kafili yin yarjejeniya guda ga dukkan ma'aikatansa a 2016. Masu aikin gida kuwa dokar 1999 ba ta fara da su ba. A watan Yuli na 2024 ne aka wajabta musu inshora, kuma ga gidan da yake da ma'aikata fiye da huɗu kawai.

Harajin iyali ya ƙara wa wannan rukuni nauyi. Tun daga Yulin 2017 baƙo yana biyan riyal 100 a wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa, aka riƙa ƙara 100 kowace shekara har ya kai 400 a 2020. Magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu zai biya riyal 24,000 a shekara. Idan ya gaza, igamar iyalin ta tsaya, kuma sabunta inshorarsu ya gagara. Ta haka gida mai takarda yake iya zamewa ya koma marar takarda ba tare da kowa ya tsallaka iyaka ba.

Rukuni na uku su ne baƙin Allah. Mahajjaci yana samun magani kyauta a asibitocin gwamnati a lokacin Hajji, ga kuma likitocin da hukumar alhazan Nijeriya take kaiwa unguwannin da alhazanta suka sauka. Daga 2020 an haɗa bizar Umara da inshorar da ke ɗaukar larurar gaggawa har zuwa riyal 100,000. Wannan kariya tana da wa'adi, tana ƙarewa da ƙarewar biza.

Rukuni na huɗu su ne marasa takarda: wanda ya zo Umara ya zarce, da wanda kafili ya kai rahoton ya gudu, da wanda aka haifa a Makka iyayensa ba su da igama. Wannan ba shi da hanyar sayen inshora ko da yana da kuɗi, domin babu lambar da za a yi masa rajista da ita. Ga kuma fargabar cewa zuwa asibiti yana iya ƙarewa a sansanin tarhil na Shumaisi, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Saboda haka yakan fara da kantin magani, ko maganin gargajiya, ko karo-karon 'yan'uwa. Cututtukan da ke cin jiki sannu a hankali, irin su hawan jini da ciwon suga, su suka fi cutar da wannan rukuni, domin ba a zuwa asibiti sai abu ya yi ƙamari, lokacin da magani ya fi tsada. Haihuwa ma tana da nata sarƙaƙiyar: takardar haihuwa tana bukatar takardun iyaye, don haka yaro yakan gaji rashin takarda kamar yadda ake gadon gona.

5.0 Darasin Shekarar 2020

Ranar 30 ga Maris na 2020 hukumomi suka killace unguwanni shida na Makka saboda annobar korona: Ajyad da Masafi da Misfala da Hujun da Nakkasa da Hosh Bakar, aka hana shiga da fita dare da rana. A wannan rana ce ministan lafiya na lokacin, Taufiƙ Al-Rabi'a, ya sanar da umarnin Sarki Salman cewa a yi wa duk wanda ya kamu da cutar magani kyauta, a asibitin gwamnati ko na kuɗi, ɗan ƙasa ne ko mai igama ko wanda ya saɓa dokar zama.

Hikimar matakin a fili take. Cuta mai yaɗuwa ba ta tambayar igama, kuma mai ɓoye ciwonsa don tsoron kamu haɗari ne ga maƙwabcinsa mai takarda. Matakin ya taƙaita ga cuta ɗaya, amma ya tabbatar da cewa ɗaure magani da takardar zama tsari ne na hukuma, wanda hukuma take iya sassautawa idan ta ga maslaha.

6.0 Shawarwari

Ga mai niyyar tafiya aiki, ya kamata ya san sunan kamfanin inshorarsa da hawan katinsa da jerin asibitocinsa tun yana da lafiya, kuma ya sani cewa kafili ne doka ta ɗora wa biya. Ga shugabannin al'umma a Makka, akwai bukatar a riƙa fassara waɗannan ƙa'idoji da Hausa, musamman haƙƙin mai larurar gaggawa da hanyar kai ƙorafi, tare da mayar da karo-karon jinya ya zama asusu mai tsari. Ga ofishin jakadancin Nijeriya da na Nijar da ke Jidda, sauƙaƙa samun fasfo da shaidar asali shi ne matakin farko, domin lokutan afuwa irin na 2013 da 2017 sun fi amfanar wanda yake da abin nunawa. Ga manazarta kuwa, fagen yana bukatar bincike na gani da ido, musamman a kan mata masu shagala da tsofaffin da suka yi ritaya daga aiki ba su bar Makka ba.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi tsarin inshorar lafiya na Saudiyya tun daga fatawar 1977 da dokar 1999 har zuwa gyare-gyaren baya-bayan nan, ta nuna cewa yana da fa'ida ta gaske ga wanda yake cikinsa. Ta kuma nuna cewa Hausawa huɗu na iya zama a lungu ɗaya a Misfala, suna sallah sahu ɗaya a Harami, amma ranar da ciwo ya zo kowa da ƙofar da zai bi. Duk wani yunƙuri na kyautata lafiyar wannan al'umma zai fara ne daga gyaran takardunsu, domin a wannan tsari sai da igama ake kaiwa ga likita cikin kwanciyar hankali.