Tsuntsaye Dubu na Takarda

A Lambun Zaman Lafiya na birnin Hiroshima, a ƙasar Japan, akwai wata hasumiya mai tsayin mita 9. A ƙololuwarta an kafa mutum-mutumin wata yarinya da ta ɗaga hannuwa sama tana tallafe da tsuntsu, a gindinta kuma rumfunan gilashi ne cike maƙil da tsuntsayen takarda launi-launi. Duk shekara kimanin miliyan 10 ke isa wurin daga makarantu, asibitoci da unguwanni na sassan duniya, nauyinsu ya kai tan 10. Kowane ɗaya da hannu aka yi shi.

Wannan fasaha ta ninke takarda, wadda ake kira origami, tsohuwa ce a Japan. Tun a 1797 aka buga littafin da ke koyar da yadda ake ninke tsuntsun da Japanawa ke kira tsuru, ɗan'uwan gauraka, mai dogon wuya da dogayen ƙafafu. A tatsuniyoyinsu yana rayuwa shekara dubu, shi ya sa ya zama alamar tsawon rai, aka kuma riƙa cewa wanda ya ninke guda dubu zai samu biyan buƙata. Har gobe idan wani ya kwanta ciwo, abokan karatunsa ko na aikinsa sukan haɗu su yi dubu su kai masa lokacin dubiya.

Aikin ba ya son almakashi, ba ya son gam. Takarda ce kawai mai gefe huɗu daidai-wa-daida, galibi santimita 7.5 ko 15. Za a ninke ta daga kusurwa zuwa kusurwa sau biyu, a buɗe, a sake ninke ta biyu a tsaye da kwance, a buɗe. Waɗannan layuka da suka fito su ne ginshiƙin aikin, domin su za su ba takardar damar tattaruwa ta koma ƙaramin murabba'i. Daga nan sai a karyo gefunan zuwa layin tsakiya, a ɗaga fuskar sama a shimfiɗe ta, a juya a yi wa bayan haka. Abin da zai fito siffa ce doguwa mai ƙafa biyu a ƙasa. Ƙafa ɗaya a tura ta sama ta ciki ta zama wuya, ɗayar ta zama jela, a lanƙwasa kan wuyan ya zama baki, a ja fikafikai a hankali. Idan layin farko ya karkace, duk abin da ya biyo baya zai karkace, don haka mai koyarwa ya fi ɓata lokaci a kan ninkin farko.

Sirrin aikin yana cikin adadin. Ko hannun da ya saba zai ci minti uku ko huɗu a kan tsuntsu ɗaya, dubu kuwa ya haura sa'a hamsin. Ga mutum ɗaya aikin makonni ne. Amma aji mai yara 40, kowa ya yi 25, sun gama cikin 'yan kwanaki. Kamar aikin gayya ne: yawan yakan yi wa mutum ɗaya nauyi, sai a nemi juna. Da yawa sukan rubuta fatansu a cikin takardar kafin su ninke, wani ya roƙi lafiya, wani ƙarshen yaƙi. Sannan a sa allura da dogon zare a huda ta cikin kowane tsuntsu, a ɗaura tsakiya a ƙasa don kada su zube. Yawanci akan jera 40 a zare ɗaya, a haɗa zare 25 a ɗaure su a sama.

Abin da ya mai da wannan al'ada ta duniya shi ne labarin Sadako Sasaki. Tana da shekara 2 lokacin da Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima ranar 6 ga Agusta, 1945. Ta tsira, ta girma har ta zama gwanar tsere a makarantarsu, sai sankarar jini ta kama ta sakamakon gubar bam ɗin. A gadon asibiti, cikin 1955, ta dinga ninke tsuntsaye da duk takardar da ta samu, har da ta ƙunshin magani. Danginta sun tabbatar ta wuce dubu kafin ta rasu ranar 25 ga Oktoba, 1955, tana da shekara 12. 'Yan ajinsu suka shiga neman gudummawar gina hasumiyar tunawa, ɗalibai daga makarantu fiye da 3,000 suka amsa, aka buɗe hasumiyar ranar 5 ga Mayu, 1958, Ranar Yara ta Japan. Yanzu idan rumfunan sun cika, akan sarrafa tsofaffin tsuntsayen su koma littattafan rubutu da katuna, su sake komawa hannun mutane.

Sai dai takarda ba ta maye gurbin adalci. A Disambar 2004 gwamnatin Tailan ta sa jiragen sama suka zubo tsuntsayen takarda kimanin miliyan 100 a lardunan kudu na Musulmi da sunan zaman lafiya, makonni kaɗan bayan mutane 78 sun mutu a cunkushe cikin motocin soja a Tak Bai. Masu makoki shari'a suke jira, kuma rikicin yankin bai tsaya ba.

Ƙimar wannan aiki tana ga zaman da ake yi a kansa. Yaron da ya shafe sa'o'i yana ninki kusa da wani yaro zai tambayi dalilin yin sa, a ba shi labarin abin da yaƙi ke yi wa yara irinsa. Wanda ya ji wannan labari yana ƙarami, da wuya a ruɗe shi da kirarin yaƙi idan ya girma.